Tsayawa Uku a Kan Hanyar Melmoth

Motar ta fara cijewa ne tun ba su gama fita daga gonakin rake na bayan Empangeni ba. Ta yi tari sau biyu, ta yi kamar za ta ɗauka, sai inji ya mutu a hannun Zibuyile. Ta gangara da ita gefen titi, ta ja birkin hannu kamar da shi take faɗa.

Ba wanda ya ce uffan a gaba, don wanda ke zaune kusa da ita ba shi da bakin magana a ranar. Baffa Velaphi ne, ƙanen mahaifinta, riƙe da reshen magaryar kura a kan cinyarsa. Da safe suka shiga asibitin da mahaifin nata, Mzwakhe Biyela, ya cika wata uku da suka wuce, Baffa ya ɗora reshen a kan gadon, ya kira yayansa da sunayen kakanni, ya ce masa ya taso a tafi gida. Gawa kam an binne ta tuntuni, yau mutumin ne ake mayarwa. Tun daga wannan lokacin Mzwakhe yana cikin reshen, kuma mai riƙe da shi ba ya magana da mai rai, ba ya waiwaye, har sai ya ajiye shi a ɗakin kakanni kafin rana ta faɗi.

Bakin da Baffa ya rasa kuwa, an haɗa wa Gwaggo Zodwa shi a kan nata. Tana bayan motar a kan katifa, ita da ɗanta Fanyana, ƙato mai tumbi da ke jan motar haya a Durban, wanda yake ganin duk abin da ke da taya huɗu sai an nemi shawararsa kafin ya motsa. Gwaggo ta ƙwanƙwasa gilashin baya da zobenta. Ta ce ai ta faɗa tun a gida. Mota ta sauko daga kan duwatsu da safe ko atishawa ba ta yi ba, sai yanzu da mai ita ya shigo za ta tsaya? Wanda ba ya son ya gane ne kawai ba zai gane ba.

Zibuyile ta gane sarai, duk dangi ma sun san maganar. Shekara goma sha biyu ta yi tana miƙa wa ubanta sifana a gindin itacen da ya mayar gareji, kafin ta tafi Durban ta sami aiki inda ake duba mota da na'ura. Zuwanta na ƙarshe ta same shi yana ɗaure wani abu da waya a cikin wannan tsohuwar a-kori-kurar, ta ce masa wannan ba gyara ba ne, kame-kame ne, kuma wata rana sai ya kashe mutane da tsumma da waya. Shi kuma Mzwakhe mutum ne da bai taɓa yi wa kowa bayanin komai ba. In ya ce riƙe nan, sai ka riƙe, in ka tambayi dalili ya kalle ka kamar ka zagi uwarsa. Ya goge hannunsa ya ce kada ta sake taɓa masa mota. Ta ɗauki jakarta ta fita. Wata takwas ba ta kira ba, shi ma bai kira ba, don taurin kai iri ɗaya gare su. Da waya ta zo daga ƙarshe, muryar Baffa ce, da labarin rasuwa.

Duk da haka ita Baffa ya miƙa wa makulli jiya da yamma, a gaban kowa, ya ce a motarsa Mzwakhe zai dawo gida, kuma 'yarsa za ta ja. Gwaggo ta yi ta kumfar baki, Baffa ko a jikinsa. Zibuyile ba ta ce na gode ba, amma ta riƙe makullin nan har ya yi mata shaida a tafin hannu. Ba ta je jinyarsa ba, ba ta ga fuskarsa ba kafin a rufe akwati. Wannan tuƙin shi kaɗai ya rage mata ta yi masa.

Ta buɗe bakin motar, zafi ya doke ta a fuska. Komai na ciki haushi yake ba ta. Batir an ɗaure shi da igiyar shanya. Oda tana kan maɓallin ƙararrawar gida. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sai an zura hannu ta waje. Sai kuma murfin tanki da kullum yake a sake, yana rawa a mazauninsa, shi kam ta yi maganinsa ɗazu a gidan mai bayan sun baro asibiti, ta sauka ta ture mai zuba man, ta murɗa murfin da hannu biyu har ya daina motsi. Ko abu ɗaya ne dai a motar nan a yi shi yadda ake yi.

Ta zare wayar fulogi ɗaya, ta ce wa Fanyana ya sauko ya murɗa makulli. Ya sauko yana nishi, yana kiranta Injiniya, yana tambayar ina na'urar tata take, ko an manto ta a Durban. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya fes. Ba wuta ba ce ke nan. Ta duba 'yar matatar mai ta roba, ta ga ɗan mai ne kawai kwance a gindinta, alhali ɗazu ta cika tanki har wuya. Tana cikin wannan tunanin tana jiyo muryar Baffa ƙasa-ƙasa daga cikin mota, yana gaya wa reshen cewa an tsaya ne kawai, ba a iso ba tukuna, ya yi haƙuri kada ya sauka. Ta bi mesar mai da yatsa daga kafireto har famfo, ba ta ga ɗigo ba, ba ta ga lanƙwasa ba. Da ta rasa abin yi sai ta shiga ta murɗa makulli da kanta. A murɗawa ta uku injin ya ɗauka.

Gwaggo ta tafa hannu a baya, ta ce ka gani, da aka ba shi haƙuri ai ya sassauta. Zibuyile ta cije leɓe. Ba abin da ke ɓata ran makaniki irin mota ta tashi ba tare da ya gyara komai ba, don ya san za ta sake, kuma ya san bai san dalili ba.

Ta sake kuwa. Sun haye gadar Mhlathuze, Baffa ya sanar da reshen cewa kogi ne ake hayewa, suka shiga kwarin Nkwalini inda rana ke dafa mutum a tsakanin gonakin lemo. Sai ga tarin nan, sai cijewa, sai shiru.

Wannan karon ba ta yi wasa ba. Ta kwance tukunyar da ke tace iska daga kan kafireto, ta leƙa maƙogwaronsa, ta ja totur da hannu. Ya kamata ta ga mai ya tsarto, ba ta ga komai ba. Ta laluba bayan kujera, ta sami kwalbar fetur da ubanta yake ajiyewa a nan tun tana ƙarama, an toshe bakinta da ledar burodi. Ta tsiyaya kaɗan a kafireto, Fanyana ya murɗa, injin ya yi ruri ya cinye abin da aka ba shi ya mutu. To, inji lafiyarsa ƙalau, yunwa yake ji. Saura a san wa ke hana shi abinci.

Fanyana ya ce famfon ne ya yi zafi, a jiƙa tsumma a ɗora masa, haka suke yi. Da ta ƙi kula shi sai ya ce to ruwa aka sayar mata a gidan mai. Da ta ƙi kula wannan ma sai ya ce a gaskiya irin wannan motar hannun namiji take sani. Ta ce masa in ya gama lissafo abubuwan da bai sani ba, ya matsa da tumbinsa yana tare mata haske. Ta sa filaya ta sassauta maɗaurin matata, ta fizge ta daga jikin mesa. Wani ɗan sauti ya fita, tsiiit, amma daidai lokacin Gwaggo ta fara ba gonar lemo labarin irin 'ya'yan zamani da ke barin uba ya mutu a hannun baƙi, kuma kunnen Zibuyile yana can ko da ba ta so. Ta hura matatar, iska ta wuce sumul, ba datti. Ta tsiyaye man ciki a tafin hannu, ba ruwa. Ta mayar, ta zare mesar da ke shiga kafireto, ta sa aka murɗa. Famfon ya tofa mai da ƙarfinsa, kamar bai taɓa yin laifi ba.

Ta haɗa komai, motar ta tashi. Ta ce wa kanta wataƙila wani ɗan tsaki ne ya tokare ya wuce. Ba ta yarda da kanta ba.

Kafin Gwaggo ta hau sai ta tsaya a gaban Zibuyile, ta gyara bargon kafaɗarta. Ta yi magana a hankali, wanda ya fi ihunta ciwo.

"Ke 'yar Durban, ki saurare ni. Yayana ya ce kada ki taɓa masa mota, da kunnena na ji. Sau biyu ke nan yana maimaita miki. In ya faɗa na uku, Fanyana zai kira abokinsa na Melmoth ya kawo mota, mu ɗauki mutuminmu mu kai shi gida da rana. Ke ki zauna da ƙarfenki."

Zibuyile ta kalli Baffa ta gilashi, ko zai yi wata alama. Yana zaune ƙiƙam, idonsa a kan titi, gumi na bin wuyansa. Ta san abin da zai biyo baya in aka sauke reshen nan daga motarta. Akwai mutum sama da ɗari a gida suna jira, an ɗaure akuya, an dafa giya. Za su ga reshe ya iso a motar baƙo, ba za su tambayi matata ko famfo ba. Har jikokinta sai an nuna su an ce ga zuriyar wadda ubanta ya ƙi shiga motarta.

Motar ta yi tafiya mai ɗan tsawo a wannan karon, har Zibuyile ta fara sakin kafaɗa. Suka kama hawan dutsen da ke kaiwa Melmoth, ta sa giya ta biyu, ta taka. Sun kai rabi, inda titi ke lanƙwashewa a bakin rami, sai ta ji totur ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafarta. Ta taka, ta saki, ta ja cok, ta zagi motar da uwar motar a zuci. A banza. Da kyar ta samu ta raɓa ta gefen dutse, ta sauka ta sa wa taya waigi.

Rana ta riga ta karkata. Gwaggo ta kalli ɗanta kawai. Fanyana ya ciro waya, ya ga ba sabis, ya kama hawan wani tudu yana ɗaga ta sama.

Zibuyile ta tsaya a gaban injin. Wuta akwai. Kafireto lafiya. Matata fes. Famfo yana tofawa in an gwada shi, yana ƙi in ana tafiya. Abu ɗaya ya rage, hanyar da ke tsakanin tanki da famfo. Ta shimfiɗa buhu ta kwanta a kan tsakuwa, ta zare mesar daga gindin famfo, da niyyar ta hura ta ko akwai abin da ya toshe daga can. Tana kai ta baki sai mesar ta kama mata leɓe.

Ta fizge ta, ta ɗora babban yatsa a bakin. Ta kama yatsan shi ma, ta riƙe gam. Mesar da ya kamata ta zubo mata mai a fuska, ita ce ke zuƙar iska zuwa ciki. Zibuyile ta mayar da ita da sauri, ta ja jiki zuwa baya, ta kalli tanki daga ƙasa. Cikinsa ya lotsa, ya shige ciki kamar na karen da ya kwana uku bai ci ba.

Ta fito, ta zagaya, ta kama murfin da ta ɗaure da hannunta da safe. Ya ƙi. Ta naɗe shi da gefen siket ta murɗa har jijiyar wuyanta ta tashi. Da ya saki sai tankin ya ja numfashi mai tsawo, huuu, sannan ƙarfen ya yi ƙara ɗaya a ƙasa ya koma yadda yake.

Ta juya murfin a hannunta. Ba na motar ba ne, bai taɓa zama nata ba. Murfin wani tsohon janareto ne, an yanko robar tayar keke da wuƙa an yi masa shimfiɗa a ciki. Murfin asali yana da 'yar kafa da iska ke bi ta maye gurbin man da aka sha, wannan ba shi da ita. In aka ɗaure shi tamau, famfo zai yi ta ja har ya zama yana kokawa da tanki, daga nan sai mai ya daina zuwa. In an tsaya iska ta ɗan silala, ko an zare wata mesa, sai a sami tafiyar wasu mil. A gefen murfin akwai zane ɗaya da aka yi da ƙusa. A wuyan tankin akwai wani. Ta mayar, ta murɗa har ƙarshe, ta dawo da shi baya rabi, zanen biyu suka haɗu daidai.

Nan take ta ga hannun ubanta a zuci. Kullum in ya sha mai sai ya rufe, ya dawo da shi baya kaɗan, ya buga shi da yatsa biyu. Sau dubu ta ga wannan. Ta ɗauka sakaci ne, daga baya ta ɗauka tsufa ne. Sau nawa ta ce masa Baba murfinka a sake yake, ya ce ta bar shi, bai ƙara ko harafi ba.

Fushin da ya taso mata bai tsaya neman izini ba. Ta je tagar Baffa, ba ta kalli Baffa ba, reshen ta kalla.

"Kalma ɗaya, Baba. Ka ce mini iska yake sha, shi ke nan. Ka iya ɗaukar ƙusa ka yi wa ƙarfe bayani, ni ba ka iya yi mini ba? Shekara goma sha biyu ina riƙe maka fitila. Da me na fi ƙarfe laifi?" Muryarta ta karye, ta ƙi bari ta faɗi. "Ni ma ban kira ba, na sani. Ba sai Gwaggo ta gaya mini ba. Amma kai ne babba."

Gwaggo ta dafe ƙirji, ta ce yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta, yarinya na yi wa mamaci tsiwa a bakin titi. Baffa bai juyo ba. Ya ɗan ɗaga reshen, ya yi masa magana da muryar da ta fi ta ɗazu ƙarfi.

"Yaya, ka ji ta da kunnenka. Ba ni da abin ƙarawa. Gyara zama, a motarka za mu ƙarasa."

Da Fanyana ya gangaro yana haki, yana cewa abokinsa na nan tafe nan da rabin awa, injin yana aiki. Ya tambaye ta me ta yi, ta shiga ta kama sitiyari. Gwaggo ta ce ita ba za ta sake hawa ba, ta ga Baffa ba shi da niyyar sauka, ta ga rana, ta hau tana mita. Motar ta cinye sauran dutsen a giya ta biyu ba tari ko ɗaya. Suka wuce abokin Fanyana a hanya, suka ratsa Melmoth, suka bar kwalta. Rana tana saman duwatsu da kamar tsayin mutum lokacin da Zibuyile ta tsaya a ƙofar shingen gidan, mata suka fara guɗa. Ba wanda ya ce mata sannu, ba ta kuma nema ba.

Sai da aka shigar da reshen, aka yanka akuya, sannan Baffa ya fito ya same ta zaune a bayan motar, ba ta ko wanke hannu ba. Ya sha ruwa kofi biyu kafin ya yi magana. Ya ce tun a gidan mai ya sani, yana jin ta tana ɗaure murfin nan, don shi ne ya riƙe wa Mzwakhe robar ranar da aka yanka ta.

Ta miƙe tsaye. Ta ce to me ya hana shi faɗa wa reshen da ƙarfi yadda za ta ji, ya bar ta tana birgima a tsakuwa, Gwaggo na wanke ta a gaban duniya? Ya ce reshen ba wayar tarho ba ne, ba a aiken yayansa da saƙo. Ta ce dukkansu ɗaya ne, mazan gidan nan, a bar mutum ya mutu a gabansu da maganin a bakinsu.

"Haka ne," in ji Baffa. "Ni yini ɗaya na yi da magana a bakina, na ji kamar zan fashe. Ku wata takwas kuka yi, ban san yadda kuka iya ba."

Ya koma ciki ya bar ta. Tana nan tsaye sai ga Fanyana ya zo ɗaukar katifa, da tsokar nama a hannu. Idonsa ya faɗa kan murfin yana rawa a mazauninsa. Ya ce kai Injiniya, duk karatun Durban ɗin ko murfin tanki ba a iya rufewa ba, ya kai hannu zai murɗa.

"Kada ka taɓa mini mota."

Ya janye hannu, ya ce daga gyara? Me ya sa? Ta kalle shi, ta ji a ranta ba ta da niyyar gaya masa komai, ta ji har fuskarta ta ɗauki wannan kallon da ta tsana tun tana yarinya. Fanyana ya ɗaga kafaɗa, ya saɓi katifa ya juya. Ya yi taku biyar ko shida kafin ta iya buɗe baki, kuma da kyar ya buɗu.

"Fanyana," ta ce. "Ajiye katifar nan. Zo in nuna maka dalili."